Cokali Ɗaya, Safe da Yamma

Wani mutum ya shaƙo wuyan ma'aikaciyar ɗakin karatun makarantar likitoci, ya gwara goshinta da tebur har ya fashe. Ɗalibai suka watse da ihu.

"Likitan da ya kashe min 'ya a nan ya yi karatu! Duba min maganin nan a littafinku, in tabbatar kafin in yanka shi!"

Jini na gangaro mata, ta buɗe babban littafin magunguna, ta gwada da takardar asibitin da ya jefo mata.

"Malam, wallahi daidai ya rubuta. Cokali ɗaya, safe da yamma. In ya wuce haka, hantar yaro yake cinyewa."

Ya sake ta, ya sulale ƙasa.

"Uku-uku na riƙa ba ta," ya ce a hankali, "don ta warke da wuri."