Wanda Ya Riƙa Wucewa Ta Sama

Alhaji, na ji kana cewa jirgi ya mayar da Kano da Legas maƙwabtan juna. Gaskiya ne, amma zauna in ba ka misalin wani mai fataucin fata da na sani.

Shekara da shekaru mutumin nan a babbar mota yake kai kayansa Legas. Tafiya ce ta kwana da wuni, mai karya gaɓoɓi, sai dai a tsakiyarta akwai Mokwa, garin da yayarsa take aure. Duk sanda ya biyo sai ya sauka. Ta ɗora masa ruwan wanka, ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, su zauna a tabarma suna tuna iyayensu da gidan da suka tashi, 'ya'yanta na hawa kafaɗarsa suna kiran Kawu. Da Allah ya buɗa masa, sai ya bar wa yaransa rakiyar kaya, shi ya koma bin jirgi. Ya karya kumallo a gidansa, ya yi sallar azahar a Legas, rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Har yana yi wa abokansa lissafi, wai kafin direba ya fita daga ƙasar Kano shi ya sauka. Bai manta da yayar tasa ba, a ganinsa. Yana kiranta a waya, yana aika mata atamfa da buhun shinkafa duk azumi. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya ce, ya biyo ta gan shi. Ya ce in sha Allahu tafiya mai zuwa ta mota zai yi. Idan tafiyar ta zo sai ya tuna ramukan hanya da ciwon baya, ya sake sayen tikiti. A haka yaran da suka hau kafaɗarsa suka yi aure suka haihu, shi yana ratsa samaniyar garinsu yana gyangyaɗi a kujera.

Sai da babban ɗanta ya kira ya ce jikin Inna ya yi nauyi, sannan ya shiga mota. Ya same ta a ɗaki a kan katifa, ta rame, tsufa ya taɓa mata tunani. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa masa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ta sa a kawo masa ruwa. Ɗan ya ce mata daga Kano ya zo. Nan take fuskarta ta washe, ta kama hannunsa ta ce, "Bawan Allah, ina da ƙane a Kano, mai sayar da fata. Ta nan yake bi in za shi Legas. Don Allah in ka gan shi ka ce masa ya tsaya."

Ya ce mata, "Yaya, ni ne." Ta yi murmushi kawai, ta ci gaba da kallon ƙofa. Ya zauna a gidan har ta cika, yana ba ta kunu da hannunsa, tana yi masa godiya tana sa masa albarka, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

To, Alhaji, hau jirginka, babu laifi. Amma ka san su wa kake tsallakewa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.