Wanda Ya Auna Bututun Asibiti

Tun da suka zauna a bencin jiran likita matarsa ba ta sauke kai ba. Ta ƙura wa bututun iskar da ya bi saman barandar ido, tana wani irin murmushi da Injiniya ya daɗe bai gani a fuskarta ba.

"Dubi aiki," in ji ta. "Allah Ya yi wa hannun da ya yi wannan albarka. Ba ka gane shi ba?"

"A ina zan san shi?"

Ya gyara zama. Ƙuruciyarsa kaf a auna bututun iska ta ƙare, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai dai Injiniya. Yau kuma a gabansa, a gaban autarsu da ke riƙe da katin asibiti, ake sa wa wani ƙato albarka.

Ya ɗaga kai neman aibu. Ya san inda ake kama masu aikin ganin ido. Iska in ta shiga bututu tafe take tana gugar ƙarfe, ƙarfinta na raguwa. Ka matse mata hanya, ta yi ta fito kamar buta a wuta, ɗakin ƙarshe ya wuni da zafi. Ka buɗe mata fiye da kima, ka ɓarnatar da ƙarfe a banza. Gwanintar ita ce ka lissafa abin da za ta rasa a hanya, ka ba kowane reshe faɗin da ya dace da shi. A nan ake bambance aya da tsakuwa.

Wannan mutumin ya yi lissafinsa. Babban bututun ya fito daga ɗakin fanka da faɗinsa, duk inda reshe ya ɓalle sai ya ɗan tsuke. Gwiwoyin bututun ma ba karya su aka yi ba, lanƙwasa su aka yi a hankali. Ko ƙus ba ka ji.

"Yakan ce iska baƙuwa ce," matar ta ƙara, har yanzu idonta a sama. "In ka takura mata a hanya, ba za ta iso da fara'a ba."

Yakan ce! Ashe ba aikin kaɗai ta sani ba, har hirarsa ta haddace. Abin da ya fi ƙona wa Injiniya rai shi ne maganar ta yi daɗi, irin wadda ya so a ce daga bakinsa ta fito. Masu cewa kishi kumallon mata ne ba su taɓa leƙa cikin tsoho ba.

Ya miƙe ya nufi ƙarshen barandar. Auta ta biyo shi da sauri.

"Baba, yanzu za a kira mu."

"Su kira."

Wata nas da ke tura keken magani ta kauce masa tana dariya. "Baba, yau ma an zo duba mana aiki?" Ya wuce abinsa. Yaran zamani, kowane mai furfura suka gani sai su ɗauka sun san shi.

A ƙofar ɗakin ƙarshe ya ciro hankici ya ɗaga saitin ragar da iska ke fitowa. Nan ne asirin kowane mai bututu ke tonuwa. Hankicin ya kaɗa, cikakkiyar kaɗawa, kamar a bakin fanka yake. Ya yi tsaki. Da shi ne, ya ce a ransa, da ya ɓoye ɗan makunnin rage iska a bayan ginshiƙin nan, inda masu taɓe-taɓe ba za su gani ba. Ya zura hannu. Makunnin na nan.

Har dabarunsa mutumin ya sace.

Ya shiga jero abokan sana'arsa a zuci. Akwai Dogo, wanda gudumarsa ta fi kansa aiki. Akwai Mai Turare, wanda in ya zo gidansu gaisuwarsa da matar gida ba ta ƙarewa. Amma Mai Turare ko faɗin ƙofa aka ce ya auna sai ya kira yaro. To wane ne? Wane ne ya fi shi, kuma ya zauna da matarsa har ta riƙe zancensa?

Ya dawo bencin yana haki. Kunyar idon Auta ta sa ya rage murya, amma ba ta hana shi ba.

"Tun yaushe kika san shi?"

Matar ta dube shi, ba alamar tsoro. "Tun kafin a haifi wannan."

"Har yanzu yana ranki?"

"Har gobe."

Auta ta juya fuskarta bango, kafaɗunta na rawa. Dole ta yi kuka, in ji shi a ransa, wace 'ya ce za ta ji wannan daga bakin uwarta? Tsawon zamansu bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma taɓa zaton akwai wani a tsakaninsu ba.

"Faɗa min sunansa," ya ce. "In yana raye, ina so in ga idonsa."

Ta kamo hannuwansa biyu ta riƙe a cinyarta, ta jira har ya dube ta.

"Duk ranar da muka kawo ka ganin likitan mantuwar nan sai ka tambaye ni, ni kuma ba zan gaji da faɗa maka ba. Kai ka yi shi, Baban Auta."