Manaja Ya Tafi Shan Iska

Manaja yana tsaye a kan matarsa tana ninke masa riguna, yana nuna mata da yatsa inda ta karkace.

"Ke ko ninki sai an koya miki? Mutum ba lafiya, amma sai kin sa shi magana."

"Yi haƙuri, Baban yara," ta ce, ta warware rigar ta sake.

Rashin lafiyar ma a makon jiya ya san da shi. Raka ta asibiti ya yi, yana mitar an ɓata masa lokaci. Likita ta daɗe da ita a ciki kafin ta kira shi. Ta ce hawan jinin ya fi ƙarfin ƙwaya, ana dab da shanyewar ɓarin jiki, don haka ya tafi hutu nesa, shi kaɗai. Abin ya burge Manaja. Ƙwararriya ke nan! Daga kallo ɗaya ta gane wanda ke ɗauke da gida a ka.

Ya sauka a otal a bakin teku. Tawul ya yi kaushi, miya ta yi gishiri, igiyar ruwa ma ta cika surutu. Kafin mako ya zagayo, masu shara sun koyi sauya hanya in sun hango tumbinsa. Da ya nemi kiran gida ya ji ko an kashe fitilar baranda, ya tuna likita ta hana waya, ya huce a kan mai kawo shayi.

Ranar da ya dawo, tun daga ƙofa ya jiyo dariya. Maƙwabta cike da falo, matarsa a tsakiya da fure a gashinta, kumatu sun ciko. Suna ganinsa kowa ya fara neman takalmi.

"Ku riƙa fita shan iska," ya bi su da nasiha. "Dubi yadda na koma yaro."

Washegari ya tasa ta gaba zuwa asibiti, ya naɗe hannun riga, ya miƙa damtse. Likita ta zagaye shi, ta ɗaura abin awon jini a hannun matarsa, ta duba, ta yi murmushi.

"Tun da nake duba ta, jininta bai taɓa sauka haka ba. Yallaɓai, yaushe za ka sake tafiya?"