Zanen da Ya Ƙi Gyaruwa

Karo na tara ke nan adon ya sake fashewa. Ta buga tebur har shayinta ya zube.

Sana'arta ƙera tufafi a kwamfuta, irin waɗanda ake sa wa jaruman wasan bidiyo. Wannan karon zanen mahaifiyarta take son ɗaura wa jarumarta, kuma hoto ɗaya tak marigayiyar ta bari tana ɗaure da shi, tun ita tana goye. Amma da ta ƙara masa girma, sai adon ya rabu gida-gida kamar allon dara. Kwana huɗu tana goge kusurwoyi, abu kamar cin ƙwan makauniya.

"Goggo, tsohon hoton nan zai kashe ni! Duk ya ɓata adon."

Goggonta ta leƙa, ta ja tsaki, ta shige ɗaki. Ta dawo da wani ƙunshi, ta warware a gabanta.

"Da kin tambaya, 'yar nan."

Zanen ne, shuɗi da fari, gida-gida tun daga saƙarsa.

Ta koma kan kwamfutarta, tana addu'ar Allah ya sa ba ta goge asalin hoton ba.