Saƙon Lahadi daga Oman

"Saurara ki ji," in ji Mama Doguwa, ta danna wa Winifred saƙon murya da ejan da ya kai 'yarta aiki Oman ke turo mata a waya duk Lahadi. Muryar 'yarta Hope ce: tana lafiya, aiki ba wuya.

Winifred daga Samaru ta zo, tana bincike kan matan da ake kaiwa aikatau ƙasar waje. Jiya a unguwar Muchia, wata da ta dawo daga Oman ta shaida mata cewa a hannunta Hope ta rasu bara.

"Mama, muryar nan da kwamfuta aka haɗa ta," in ji Winifred.

"Na sani, 'yata. Hope tana da in'ina, wannan ba ta yi." Ta ƙanƙame wayar a ƙirji. "Kada ki tona wa ejan asiri. In ya ji, zai daina turowa."