Gudun Katin Ɗayyabu

Wa ya aike ku ƙarƙashin gadon ubanku? Kun jawo akwatin da ya shekara goma sha ɗaya a naɗe cikin buhu, kun kwaso yanar gizo-gizo a kanku, sannan kun zo kuna tambayata dalilin da ba a kunna shi. Yaran yanzu bakinsu ya fi hannunsu aiki. Khairat, janye ƙafarki daga kwanona. To ku ji, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Lokacin Ɗayyabu bai auri uwarku ba. Mu biyu ne a gidan nan. Kakanku ya rasu, gwaggonku Adama tana gidan miji a Kano, baffanku Mamuda yana bin tirela Kudu, sai a shekara ba a ji muryarsa ba. Tukunyar da ta saba ciyar da mutum tara ta koma dafa gwangwani guda.

Ɗayyabu ya sayar da rakensa na shekarar, ya sayo kwamfutar nan a Zariya. Gidaje yake zanawa a cikinta. Gidan da ba a aza ko bulo ɗaya ba, sai ka gan shi da ƙofa da labule, har ka zaga ɗakunansa. Wani kamfani a Abuja ya ga aikinsa, suka ce ya haɗa musu bidiyon wani bene cikin kwana goma. In ya kai a kan kari, aiki da ɗaki suna jiransa can. Ran nan ya wanke jakarsa ya shanya.

Ƙarfin akwatin duk yana jikin wani kati mai fanka biyu, katin hoto. Ranar farko na kai masa fura, ya tsare ni da bayani, don ba shi da wanda zai yi wa.

"Inna, dubi nan. Katin yana da nasa rumbun, layin nan kuma shi ne saurin ɗebo kaya daga rumbun. In na ja shi dama kaɗan na danna nan, aikin awa goma ya koma tara. In na zarce, hoto ya yi ƙyanda, komai ya tsaya, a koma farko."

"Jaki ma haka yake," na ce. "Sha furarka."

Ya ja shi kaɗan, ya gwada yini guda, lafiya lau.

Kwana na uku ya bar kwamfutar tana aiki ya tafi azahar. Ya dawo ya tarar gilashin ya cika da ɗige-ɗige kore da ja, fanka tana kuka, linzamin kwamfutar ba ya motsi. Ya kashe ya kunna. Layin ya koma mazauninsa na asali, kamar yadda yake yi duk aka kashe. Aikin awa shida ya tafi a banza.

Ya ce laifinsa ne, haɗama ya yi. Ya bar layin inda maƙeran katin suka ajiye shi. Washegari da la'asar aka maimaita.

Ya zargi janareta, ya aro na maƙwabci. Bai hana ba. Ya ɗaure akwatin a bayan babur daga nan Gazara har Makarfi, wajen Istifanus mai gyara. Istifanus ya buɗe, ya hure datti, ya canza man da ke sanyaya katin, ya bar kwamfutar tana aiki tun safe har yamma. Ko gezau.

"Malam Ɗayyabu, katin nan ya fi ni lafiya," in ji shi. "Ko dai ruwan garinku ne bai karɓe shi ba?"

Ɗayyabu bai yi dariya ba.

Da ya dawo sai ya tare a ɗakin. Sallah a gefen tebur, abinci a kan cinya. Muddin idonsa na kanta, aiki take kamar ba ita ba. Kwana biyu bai taka ƙofar gida ba, benen ya tashi hawa-hawa, har fitilun tsakar gidansa suka fito. Saura haɗi na ƙarshe, mai cin kusan yini guda ba tsayawa. Ya ɗauko jakar ya fara jera riguna.

Ana gobe wa'adi, da hantsi, aka yi rasuwa a gidan liman. Ba a ƙin jana'iza. Ya dubi gilashin, ya dubi ƙofa, ya zura takalmi. Bai cika awa guda a waje ba.

Ƙyandar ya tarar.

Ya buga musu waya ya roƙi kwana biyu. Suka ce sun ba wani. Bai yi kuka ba, ɗana ne. Ya naɗe ta cikin buhu, ya cire rigunan daga jaka, ya ɗauki fartanya.

Wata uku ban ji komai daga bakinsa ba sai gaisuwa. Yana cin tuwo a tsakar gida, fuskarsa na kallon bango. Amma yana ci, ina jin ƙarar kwanon. Ina jin tarinsa da asuba, ina jin jan takalminsa zuwa rijiya. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai a gida mai ɗaki shida ba, bai san darajar tarin wani ba.

Bayan shekara ya auri Murja, kuka zo kuka cika mini kunne. Har yau in ya ga ana gina bene a Makarfi, kansa yake kawarwa. Har yau kuma yana cewa katin banza aka sayar masa a Zariya.

Kun tambaya, kun ji. Ku maida akwatin inda kuka ɗauko shi, ku tashi ku kwanta, kuma duk wanda ya gaya wa ubansa cewa tsohuwar da ba ta san bihim ba ita ce ke jan layin nan har ƙarshen dama duk sanda ya fita, sai na karya masa muciya a baya.