Ɓerayen Kamfanin Bokiti

Ranar da Baba ya tarar gizo-gizo ya yi saƙa a ƙofar sito, ya kira 'ya'yansa biyu, Yaya da ƙaninta Auta, ofis. Tun yana saurayi kamfaninsa bokiti yake sayarwa, bokiti kawai, na roba da na ƙarfe. To, yanzu kowa a garin ya mallaki bokiti, kuma abin takaici, bokitan Baba ba sa fashewa.

Ya ce kowannensu ya je ya buɗe wa kamfani sabuwar harka. Wanda tasa ta tsaya da ƙafarta kafin shekara ta ƙare, shi zai karɓi makullin babban ofis. Ɗayan kuwa ya koma sito, ya yi ta kaɗe ƙura har furfura ta fito masa. Ya kafa sharaɗi biyu: kada a jingina sunan kamfani da wani shirme, sannan dokar gidansa tana nan, ba a maganar kasuwa a gida. Dokar nan ta girmi yaran duka. Uwarsu ma sai da ta yaye ta fari kafin ta san abin da mijinta yake sayarwa.

Auta ya fita yana tunanin sito. Sito ba taga, ba fanka, kuma Yayarsa tun suna makaranta ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Tsoronta yake ji, tsakani da Allah.

Sai ga arziki ya zo da ƙafarsa, ƙafa huɗu ma. A layin bayan kamfani tela ya fito yana ɗaga wandon wani da aka cinye wa aljihu. Mai aski ya ce shi ma sun gaigaye masa kujera. Mai burodi kuwa sai nuna ragowar burodinsa yake yi. Layin da bai taɓa sanin ɓera ba, mako guda ya cika da su.

Auta ya ɗauki bokiti daga sito, ya jingina masa ɗan katako kamar tsani, ya zuba gyaɗa a ciki. Ɓera ya hau, ya faɗa, ya kasa fita. Shi ke nan, sabon sashe ya buɗe. Auta ya kama ɗaki a ƙarshen layi, yana fita aiki da takunkumi da rigar leda don kada a gane ɗan waye.

Matsala ɗaya ce: Auta ko kaza ba ya iya yankawa. Ɗaki ya cika da bokitai suna tsuwa, shi kuma yana zaune a tsakiya yana ba su haƙuri. Ana haka wani mutum ya bugo waya, ya ce ogansa yana son ɓerayen da rai, dukansu, ko jela kada ta yi ciwo. Auta bai tambayi me za a yi da su ba. Kowace safiya mai babur yakan zo da hular kwano a kai, ya juye su a keji, ya biya, ya wuce.

Ga masu shago suna biya a kwashe, ga oga yana biya a kawo. Kuma ɓeraye ba sa ƙarewa. Ka share shagon tela yau, gobe kafin ya buɗe keken ɗinki sun riga shi zama. Har ƙiba suka fara yi, gashinsu yana sheƙi. Da tafiya ta yi nisa ma suka daina jiran gyaɗa. Da sun hango bokiti sai su jeru a kan katako kamar masu jiran motar haya. Akwai wani mai yankakken kunne da Auta ya so ya rantse ya san shi, amma ya ce a ransa ɓera ai duk kamarsu ɗaya.

Ganin ba shi da abokin gasa, ya ƙara kuɗi. Mutumin waya ya ce oga ya ce a ji tsoron Allah. Auta ya sake ƙarawa, aka kuwa biya.

A gida Yaya ta rame. Tana dawowa hannu duk yakushi, tana atishawa, motarta tana ƙarnin kifi. Ta zauna a tebur tana juya cokali. Tausayinta ya kama Auta sosai, har yana tura mata naman kwanonsa. Ya ƙudura a ransa in ya hau kujera zai sa a fasa mata taga a sito, ai 'yar'uwa ba abin wasa ba ce.

Ranar hukunci Baba ya ajiye makulli a kan tebur. Auta ya miƙe da sabuwar riga, ya yi bayani dalla-dalla: bokitan da suka yi kwantai sun samu aiki, kayan sayarwa suna kawo kansu, kuma yana da mai saye ɗaya tak wanda ba ya gajiya, ba ya tambaya, ko nawa aka ce sai ya biya.

"Irin wannan mai saye ko ni ban taɓa samu ba," in ji Baba. Ya ɗauki makulli ya miƙa hannu, sannan don cika ƙa'ida ya juya ya ce, "Ke fa, Babba?"

Yaya ta share hanci, ta ce, "Baba, ni hayar kyanwa nake bayarwa. Da na ga babu ɓera a layin, sai na saki ɓeraye keji guda don kasuwa ta buɗe. Amma wani ɗan banza mai takunkumi yana riga kyanwoyina kwashe su, kullum sai na sake sayen kayana a hannunsa."